Yatsun Inuwa Wanzami

Ranar wata Laraba ce, saura shekara biyar a ba ƙasar nan mulkin kai. Tun da safe gari ya ɗauki zafi irin na ƙarshen bazara, ko ganye ba ya motsi. Can wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwashe faya-fayen masu talla. Ruwan farko na shekarar ke nan. A 'yar kasuwar Badarawa kowa ya ruga neman wurin fakewa, ban da Inuwa Wanzami da ke cikin rumfarsa, don ya riga ya aske rabin kan Dauda mahauci, ba a kuwa sallamar mutum da rabin kai don an yi ruwa.

Inuwa yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin ubansa. In ya ja aska sau biyar ko shida, sai ya goga ta a fatar da ke ɗaure a gwiwarsa, sannan ya ɗora cikin babban yatsansa a bakinta ya shafa a hankali. Yatsan ne ke gaya masa ko ta yi kaifi ko da saura. Ba ya ma dubawa, yana yi yana hira.

Ana cikin haka Dauda ya zabura. "Wanzam, ashe yau ni ne ragon? Ka yanke ni!"

"Zauna, don Allah. Shekara talatin ban yanki kowa ba, sai kai mai kai kamar turmi?"

"To wannan jinin da ke kafaɗata fa?"

"Ku ji mahauci yana tambayar inda jini ya fito a rigarsa."

Waɗanda suka fake a rumfar suka kwashe da dariya. Amma jinin ɗanye ne, yana kuma ƙaruwa. Inuwa ya duba kan Dauda gaba da baya, har bayan kunne, babu ko ƙwarzane. Sai da ya ɗaga hannu zai share ruwan da ya ɗigo masa a goshi, sannan ya ga abin da ya faru. Babban yatsansa na dama ne a tsage, tsaga mai zurfi. Shi ya yanki kansa wajen gwada aska, bai kuwa ji komai ba. Ya yi maza ya naɗe da tsumma, ya ce santsin ruwa ne. Ya ƙarasa askin, Dauda ya tafi yana tsokana. Shi kuwa ya zauna har ruwa ya ɗauke yana duban yatsan nan kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Inuwa Bazazzagi ne. Ubansa wanzami, kakansa wanzami. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya sauka a Badarawa tun tana ƙauye, gonakin dawa har bakin ƙofa. Gajere ne, mai sanyin magana, ba a ganinsa ba zabira a kafaɗa, wato jakar fatar da wanzamai ke zuba kayan aiki. Aski da ƙaho da kaciya duk yana yi, amma abin da ya yi suna a kai shi ne askin jarirai. Mata kan ce in Inuwa ne ya zo, wani yaron ko farkawa ba ya yi har a gama. Asirin abin a hannun hagu yake. Ɗan kwana bakwai yana da wani wuri mai taushi a tsakar ka, maɗiga, inda ƙashi bai haɗe ba tukuna, fata ce kawai tana bugawa. Yatsun hagu ke tafiya gaba suna lalubo iyakarta suna miƙe fata, aska tana biye.

A wancan zamani kowane gida da wanzaminsa. Wanda askarsa ta fara taɓa kan yaro ran suna, to yaron nasa ne. Shi zai yi masa kaciya, in ya girma ya haihu shi za a kai wa goro. In wanzamin gida ba ya nan ko ba shi da lafiya, wani yana iya tsaya masa, amma sai ya aika masa da kasonsa ya bar masa gidansa. Kan wannan ne Inuwa ya ɓata da Rabe, wanzamin Kurmin Mashi, wani dogon Bakatsine mai baki. Wata shekara Inuwa ya tafi Zariya ta'aziyya, aka haihu a ɗaya daga cikin gidajensa, Rabe ya je ya yi askin, ya kuma riƙe gidan. Inuwa ya kai ƙara wurin Sarkin Aska, shugaban wanzamai, aka tara wanzamai, aka ba Rabe rashin gaskiya a gaban kowa. Daga ranar shekara bakwai ko gaisuwa ba sa yi.

In za a faɗi gaskiya, ciwon nan bai fara ranar ruwan ba. Ya fi shekara yana tashi da asuba hannun dama a mace, sai ya yi ta yarfe shi kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi, kafin ya gama alwala ya dawo. Daga baya ya zama in ya riƙe kan keke zuwa Unguwar Rimi, sai ya tsaya sau biyu a hanya ya yarfe. Buta ta fara kuɓuce masa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ciwon yana zaɓe: babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na kusa da shi. Ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau.

Matarsa Indo ba ta ɓata lokaci ba. "Malam, wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Wane irin ciwo ne zai ɗauki yatsun da ake riƙe aska da su ya bar ƙaramin? Hannun Rabe ne."

"Indo, ki ji tsoron Allah. Kin gan shi?"

"Sai na gan shi?"

Ya yi duk abin da wanzami ya sani. Ya sa Indo ta kafa masa ƙaho a wuyan hannu, ya yi tsaga ya cusa magani, ya sha rubutu. Jini ya fita, ciwo yana nan. Bayan abin da ya faru a rumfa, ya tashi wata safiya bai gaya wa kowa ba ya bi layin asibiti. Malamin asibitin da ya duba shi dattijo ne da ya daɗe yana aiki da likitoci. Ya kama hannun ya ɗan ƙwanƙwasa cikin wuyan hannu da yatsa, Inuwa ya zabura, don ji ya yi kamar ya taɓa minjirya, kifin nan mai girgiza mutum, a kogi. Malamin ya sa shi ya lanƙwasa hannun ya riƙe haka, ba a jima ba yatsun suka mutu.

"Wanzam," in ji malamin, "akwai wata jijiya da ke bi ta wata 'yar ƙofa a nan wuyan hannu. Ita ke kai ji ga yatsun nan uku da rabi. Ƙaramin yatsa jijiyarsa daban, hanyarta daban. Ƙofar ce ta matse."

"Ba sammu ba ne ke nan?"

"In sammu ne, to an yi wa masu daka, an yi wa masu wanki, an yi wa akawuna masu buga tafireta. Wa ke da maƙiya haka? Ka daina tsaga wurin. In za ka kwanta ka ɗaure shi da sanda kada ya lanƙwashe. Sannan ka huta da aiki."

"Hutu? A ci me?"

"Ni dai na gaya maka. In ka ci gaba, naman nan na gindin babban yatsa zai zube. In ya zube ba ya dawowa."

Inuwa ya ɗauki biyu ya bar ɗaya. Ya daina tsaga, ya fere tsagin gora ya naɗe da tsumma yana ɗaurawa, tashin asuba ya yi sauƙi. Amma aiki bai bari ba. Duk daminar nan da ido yake aski. Ya koma gwada kaifi a gashin dantsensa. Ya aske jarirai uku, gumi na tsiyaya a bayansa, hannun hagu yana rufa wa na dama asiri. Babu wanda ya gane.

Da kaka ta kama, hagun ma ya bi sahu.

A makon ne Malam Yusha'u ya zo Badarawa. Akawu ne a ofishin gwamnati, yana zaune a Unguwar Rimi. Inuwa ne ya yi masa kaciya yana yaro. Shekararsu goma sha ɗaya da aure shi da matarsa Safara'u, ciki biyu ya zube, sai yanzu Allah ya ba su ɗa namiji. Ya jingine keke, ya durƙusa, ya miƙa goro a ganye.

"Baba Wanzam, ran Asabar ne. Ka ga ban aiko kowa ba, da ƙafata na zo. Safara'u ta ce in ba kai ba ne, a bar shi da gashinsa."

Inuwa ya yi barka, ya sa albarka, ya karɓi goro da hannu biyu. Maganar yatsunsa tana bakinsa, ta ƙi fita. Har Yusha'u ya hau keke ya ɓace bai gaya masa ba.

Ran Alhamis da hantsi Inuwa ya tsinko ɗanyen duma a jikin danga. Da shi ubansa ya koya masa aiki. Ɗanyen duma yana da wani gashi mai laushi, fatarsa kuwa in aska ta ɗan kama ta sai ruwa ya fito. Ba a ba ɗan koyo kan jariri sai ya aske duma tas ba ɗigo ko ɗaya. Inuwa ya zauna a tsakar gida ya sa duman a cinya, ya yi bismilla. Da ya gama, wuri uku na tsatsa. Ya tsinko wani, ya ƙara nutsuwa. Wuri huɗu.

Indo tana bakin murhu tana kallo. "Duma ne fa, Malam, ba mutum ba."

"Kan jariri ya fi duma taushi."

"Ka yi uku da damina, me ya same su? Ka yi wannan ɗin ma, Allah zai kiyaye. In ka saki gidan Malam Yusha'u, gobe Unguwar Rimi ta ji, jibi Badarawa. Wa zai sake kawo maka ko kan ƙato? Ga 'yarmu Binta ba mu aurar ba."

Bai yi musu ba, don gaskiya ta faɗa. Sai ya ce, "Ɗebo mini gero da wake. Zan rufe ido, ki sa mini ɗaya tsakanin yatsun hagu. In na faɗi wanne ne, zan je in yi askin."

Ta ɗebo. Ya rufe ido, ya miƙa hannu, ya jira. Da ya ji shiru ya ce, "Sa mana."

"Ai na sa tun ɗazu," in ji Indo.

Ya buɗe ido. Ga ƙwayar wake nan ƙatuwa tsakanin yatsunsa. Indo ta kwashe kayanta ta shige ɗaki.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya nufi Kurmin Mashi a ƙafa. Ya tarar da Rabe a ƙofar gida yana wanke ƙahoni. Ya yi sallama. Rabe ya dube shi sama da ƙasa, ya amsa.

"Yau kuma gidan wa na shiga? Ko Sarkin Aska na bayanka?"

"Ni kaɗai ne."

"To mi ya kawo Bazazzagi Kurmin Mashi da tsakar rana?"

Inuwa ya zauna a bakin tabarma ba a ce ya zauna ba, ya miƙa hannuwansa biyu a buɗe. Rabe wanzami ne, ba ya bukatar dogon bayani. Ya ga gindin babban yatsan dama ya lotsa. Ya kama manuniya ya danna mata farce sosai.

"Kana ji?"

"Ina dai gani. Matata ta ce kai ka yi mini."

"Da na iya, da tun shekara bakwai na yi, ban jira ka tsufa ba."

Inuwa ya yi dariya, Rabe ma ya yi, amma bai saki hannun ba. Inuwa ya gaya masa maganar sunan gobe, da shekarun da mutanen nan suka yi suna jira.

"Duk wanzaman garin ga, sai ni?"

"Na ga askin da ka yi wa yaron da muka yi shari'a a kansa. Haushi bai hana ni gani ba. Ban san wani mai hannunka ba."

Rabe ya juya ƙaho a hannunsa. Can ya ce, "To ga shawara. Ka kwanta gida ka ce zazzaɓi ne. In je in tsaya maka, in aiko maka da kasonka, yaro ya zama naka. Wannan karon wallahi ba na riƙe gidan. Babu mai ji daga bakina."

Maganar ta yi wa Inuwa daɗi ƙwarai. Amma sai ya girgiza kai. "Zazzaɓi warkewa yake yi. In sanyi ya shigo za su kawo mini yara kaciya, in ce me? Wani zazzaɓin? Wata rana zan gaji da ƙarya in ɗauki aska. Gara in faɗa tun ina da ƙarfin faɗa. Ka zo da asuba, tare za mu shiga."

Da gari ya waye Asabar ƙofar gidan Malam Yusha'u ta cika, malamai da akawuna da maƙwabta. Aka raba goro, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Sulaiman. Mutane suna ta satar kallon Rabe da ke zaune kusa da Inuwa, don kowa ya san abin da ke tsakaninsu. Da ungozoma ta fito da jariri zaure, Inuwa ya buɗe zabira ya zaro askar da ya gada wurin ubansa. Ya juya ta, ya miƙa wa Rabe ta wajen ƙota. Ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Jama'a ku shaida. Yatsuna sun mutu, ba na jin abin da na taɓa. Daga yau na ajiye aska. Yaron nan na Rabe ne."

Daga bayan ƙofar cikin gida wata gwaggon Yusha'u ta ce, "Ina aka taɓa sauya wanzami ran suna? Kuma a rasa wanda za a kawo sai wannan?"

Yusha'u ya matso, fuskarsa ta sauya. "Baba Wanzam, wani laifi muka yi maka? Jiya-jiya na gan ka kana aski a kasuwa."

"Kan ƙato daban, Malam Yusha'u. A samo mini allura."

Aka kawo allura daga cikin gida. Ya ba Yusha'u, ya miƙa masa manuniyar hagu, ya kau da kai wajen bango. "Soka."

Yusha'u ya ɗan taɓa.

"Ka soka, ko tukuna?"

Yusha'u ya danna har jini ya tsatso. Inuwa ko ƙiftawa bai yi ba. Sai da ya ji mutane suna salati ya waiwayo ya duba.

"To ka gani. Da wannan yatsan kake so in nemi maɗigar ɗanka?"

Yusha'u ya tsaya da allura a hannu. Ya dubi ɗansa, ya dubi dattijon. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Malam Rabe, bismilla."

Inuwa ya roƙi ungozoma ta bar shi ya riƙe yaron. Ta ɗora masa a kan dantse. Rabe ya jiƙa kan da ruwan ɗumi ya fara. Da aska ta doshi tsakar ka, Inuwa ya kasa daurewa. "A hankali, ka kusa."

"Na sani, Bazazzagi, ba yau na fara ba."

Yaro ya yi kuka sau ɗaya ya koma barci. Aka gama tas, ba ko ƙwarzane. Karfatar rago, wato ƙafar gaba, da ƙwaryar gero, kason wanzami, aka ajiye gaban Rabe. Inuwa ya rataya zabirarsa ya koma Badarawa.

Abin da Indo ta faɗa bai faɗi ƙasa ba. Kafin shekara ta zagayo gidajen nan duk sun watse, wasu wurin Rabe, wasu wurin waɗansu. Har manya suka daina zuwa rumfa. An sha wuya shekara biyu, auren Binta sai da aka ɗaga. Indo ta kama suyar ƙosai, ta kuma yi wata uku ba ta sakar masa fuska ba. Malam Yusha'u yakan aiko da hatsi duk kaka har aka yi masa canjin wurin aiki. Inuwa ya koma sayar da saiwoyi da sassaƙen da ya sani, na shawara da na basir, a rumfar da yake aski.

A nan ne wani abu ya ɓullo da bai yi zato ba. Da labarinsa ya bazu, sai mutane suka fara zuwa suna miƙa masa hannu a ɓoye. Mai ƙuli-ƙuli da ke matsar tunkuza, mai ɗinkin hula, matar da ke daka wa gidaje, har wani akawu. Duk magana ɗaya: tashi da mataccen hannu, yatsa uku da rabi. Yakan ƙwanƙwasa musu wuyan hannu yadda aka yi masa, ya fere musu tsagin gora daidai hannunsu, ya ce su rage aikin tun naman bai zube ba, in ya ƙi su tafi asibiti. Yakan kuma ce kada su yarda a kafa musu ƙaho a wurin, shi ya gwada a jikinsa. Wanzamai da yawa sun ji haushin wannan magana, bai fasa ba. Waɗanda suka zo da wuri da dama sun samu sauƙi. Nasa dai zogin ya lafa, amma jin bai dawo ba.

Yanzu Inuwa yana nan Badarawa a gidan 'yarsa Binta, ya haura tamanin. Indo ta rasu, Rabe ma ya rasu. Ba ya iya ɓalla maɓallin riga, sai a ɓalla masa, amma ƙafarsa tana kai shi masallaci. Da hantsi ana samunsa a ƙofar gida, a kan buzu.